Nana Asma'u da Amanar Riƙon Tarihin Gida

A shekarar 1837 Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya rasu a Wurno, aka yi masa sutura a can. Ƙanwarsa Nana Asma'u tana da shekara 44 a duniya. Shekara 20 ke nan da rasuwar mahaifinsu, Shehu Usmanu ɗan Fodiyo. Baffansu Abdullahin Gwandu shi ma ya riga ya kwanta dama, mutanen da suka yi zaman Degel, suka ɗaure kayansu suka bi Shehu hijira zuwa Gudu a 1804, kullum sai raguwa suke yi. Yaran da ke tasowa a Sakkwato kuwa sun buɗi ido ne sun tarar da birni da ganuwarsa, da fada, da dawakai, da ayarin fatake suna shiga suna fita. Ba su ga yunwar da aka sha a shekarun farko ba, ba su ga ranar Tsuntsuwa ba, inda aka rasa ɗimbin mahaddata Alƙur'ani. Wanda bai ga wuya ba, idan ba a ba shi labarinta ba, sai ya ɗauka da rawani a ka aka halicci gidansu.

A wannan lokaci ne Asma'u da mijinta, Waziri Giɗaɗo ɗan Laima, suka duƙufa wajen tattara abin da ya wuce tun masu saninsa ba su ƙare ba. Giɗaɗo ya rubuta Raudul Jinan a kan rayuwar Shehu da Alkashfu wal Bayan a kan Bello, da Larabci, domin malamai. Ita kuma ta bi ta hanyar waƙa, domin waƙa ce ke shiga inda littafi ba ya shiga: ɗakin girki, gindin turmi, bakin rijiya. Ta tsara tafiyar jama'ar Shehu zango-zango a cikin Filitago da Fulatanci, wadda ƙanenta Isa ya mayar da ita Hausa daga baya, ita ce ake kira Waƙar Gewaye. Ba labarin jin-ta-jin-ta ba ne a wurinta. An haife ta a Degel a 1793, tana 'yar shekara 11 aka yi hijira da ita, a kan idonta aka yi yawon da take ba da labarinsa.

Allah ya ƙara mata shekara 27 bayan Bello. Ta ga sarautar 'yan'uwanta biyu, Bello da Abubakar Atiku, ta ga ta 'ya'yansu, Aliyu Babba da Ahmadu ɗan Atiku. Ta rasu a 1864 ta haura shekara 70, aka binne ta a Hubbare kusa da mahaifinta. Ta bar rubuce-rubuce kimanin 60 da Larabci da Fulatanci da Hausa, ta bar 'ya'ya da jikoki. A tsatsonta ne wazircin Sakkwato ya zauna, har ya kawo kan Waziri Junaidu, wanda ya rayu daga 1906 zuwa 1997, shi ma ya ƙare rayuwarsa cikin takardun tarihi. A hannunsa wata mai bincike, Jean Boyd, ta sami yawancin waƙoƙin kakar tasa, waɗanda ita da Beverly Mack suka buga a haɗe a 1997.

Ba kowane gida ke da 'yar Shehu ba, amma da wuya a sami babban gida a ƙasar Hausa da ba shi da tasa tsohuwar. A wani gidan Inna ake ce mata, a wani Iya, a wani Goggo ko Hajiya Babba. Ita ce idan gardama ta kaure a kan yadda aka haɗu da mutanen gidan wane, sai a ce a je a tambaye ta. Ta san wadda aka aura aka saki kafin a auro uwar gidan da kowa ya sani. Ta san yaron da aka ba wani riƙo har aka manta ba shi ya haife shi ba. Ta san gonar da aro ce da wadda jingina ce, ta san shekarar da kakan gida ya taso daga wani gari da abin da ya taso da shi. Tana iya zama daga la'asar har magariba tana jero sunaye, wane ya haifi wane, wance ta auri wane, jikoki suna ta hamma, ita ko a jikinta.

To, wannan aiki nata mene ne matsayinsa a addini? Ibada take yi, ko kuwa tana hura wutar wani abu ne da Musulunci ya zo ya kashe?

Tambayar ba ta raini ba ce, domin masu ɗari-ɗari da maganar asali suna da hujja mai ƙarfi. A Sahihu Muslim an ruwaito Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya lissafa abubuwa huɗu na jahiliyya da al'ummarsa ba za ta rabu da su ba, biyu na farko kuwa su ne alfahari da girman iyaye da sukar asalin wasu. A wani hadisin ya nuna cewa wanda aikinsa ya bar shi a baya, danginsa ba za su kai shi gaba ba. Suratul Hujurat ta faɗi dalilin da ya sa aka yi mutane dangi-dangi da ƙabila-ƙabila, wato domin su san juna, ta kuma ɗora fifiko a kan tsoron Allah kaɗai. Wasu malaman tafsiri sun kawo cewa Suratut Takasur ta sauka ne a kan dangogin da suka yi ta gasar yawa, da rayayyu suka ƙare sai suka nufi maƙabarta suna ƙirga matattunsu. Ɗan Annabi Nuhu bai tsira da sunan ubansa ba, Abu Lahabi kuma baffan Annabi ne.

Ba sai an je nesa ba kafin a ga ɓarnar. Aure nawa ne aka fasa a garuruwanmu bayan an kai gaisuwa, an sa rana, saboda wata ta rada wa wata cewa kakan yaron mahauci ne, ko wanzami, ko maƙeri, ko kuwa a bauta aka zo da kakarsa? Yaron ga ilimi ga sana'a ga sallah, amma magana ɗaya ta rushe komai. Kuma sau da yawa daga bakin wannan tsohuwa mai sanin asali maganar ke fitowa. Wannan zalunci ne, ko da an sa masa rigar kare mutuncin gida. Duk wanda zai yabi masu riƙon tarihin dangi, wajibi ne ya fara amincewa da cewa ilimin nan ya sa mutane da yawa kuka.

Sai dai addinin da ya hana alfahari da asali shi ne kuma ya yi umurni da a san shi. Tirmizi ya ruwaito umurnin Annabi cewa mutane su koyi abin da zai sa su sada zumunci daga sanin danginsu. Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take, ƙafa kuwa ba ta zuwa gidan da ba ta san da shi ba. Sayyidina Abubakar shi ne ya fi kowa sanin nasabar Ƙuraishawa, har lokacin da Hassanu ɗan Sabit zai mayar wa mawaƙan Makka martani, wurinsa Annabi ya tura shi domin ya warware masa yadda gidajen suka sarƙu. Babu wanda ya taɓa ƙirga wannan sani cikin aibin Abubakar.

Shari'a ma kanta ba ta tafiya sai da shi. Ba a raba gado sai an san wanda ya rage da wanda ya riga mamaci tafiya, da wanda suke uwa ɗaya uba ɗaya da wanda suke 'yan uba. Ba a ɗaura aure sai an san waliyyi, an kuma san wadda ta halatta da wadda ta haramta. A nan ne ma tsohuwa ta fi alƙali sani, domin akwai dangantakar da ba ta shiga kowace takarda: ta nono. Buhari ya kawo labarin Uƙba ɗan Haris, wanda bayan ya yi aure wata mata ta zo ta ce ita ta shayar da shi da amaryarsa. Ya hau abin hawansa tun daga Makka har Madina ya kai maganar gaban Annabi, ƙarshenta rabuwa ya yi da matar. Malaman Malikiyya, waɗanda mazhabarsu ake bi a ƙasar nan, ba su raba aure da shaidar mace ɗaya, sai mata biyu idan maganar ta riga ta bazu kafin ɗaurin auren, amma duk da haka sun so mutum ya nisanci abin da aka yi masa shakka a kai. A gidajen da kishiyoyi da matan 'yan'uwa ke zaune tsakar gida ɗaya, inda jariri zai yi kuka uwarsa ta tafi rafi wata ta ɗauke shi ta ba shi mama, wa zai tuna da wannan bayan shekara 25 in ba wadda take zaune a wurin ba?

Akwai wata kaka a farkon Musulunci da ya kamata a tsaya a kanta, ita ce mai sunan da Shehu ya sa wa 'yarsa. Asma'un Degel tagwaye aka haife su da Hassan, bisa al'ada Usaina za a ce mata, amma mahaifinta ya zaɓa mata sunan Asma'u 'yar Abubakar. Wannan baiwar Allah ita ce ta riƙa kai wa Annabi da mahaifinta guzuri lokacin hijira. Ta yi kusan shekara 100 a duniya, ta rasu a Makka a shekara ta 73 bayan hijira, 'yan kwanaki bayan an kashe ɗanta Abdullahi ɗan Zubairu. A tsawon ran nan nata jikarta Faɗima 'yar Munzir ta zauna a gabanta ta kwashi abin da ta kwasa. Faɗima ta auri ɗan baffanta Hishamu ɗan Urwa, shi ma jikan Asma'u ne, shi kuma Imamu Malik ya yi karatu a wurinsa. Shi ya sa almajirin da ke karanta Muwaɗɗa a zauren malaminsa a Kano ko Zariya ko Damagaram zai ci karo da hadisan da suka biyo ta wannan hanya: Malik daga Hishamu, daga matarsa, daga kakarsu. Ta nan aka ji yadda mace za ta tsarkake tufar da jinin al'ada ya taɓa, ta nan aka ji sanyaya zazzaɓi da ruwa. Hirar kaka da jikarta ce ta zama hukuncin da miliyoyin mutane ke aiki da shi.

Ashe ke nan sanin iri ɗaya ne a hannun mai sada zumunci da mai alfahari. Ana rarrabe su ne ta hanyar duba wanda kowannensu ya sa a cikin lissafinsa da wanda ya tsallake, da kuma abin da ya yaba wa mutum da shi.

A nan ne Nana Asma'u ta yi zarra. In da akwai macen da ke da abin tinƙaho da asali a ƙasar nan, ita ce: ubanta Shehu, yayanta Sarkin Musulmi, mijinta Waziri, ɗanta Waziri. Ta kuwa yi wa manyan gidansu marsiyya, ta yi wa Abdullahi, ta yi wa Bello, ta yi wa Giɗaɗo. Amma da ta zo siffanta Bello, halinsa ta bi: iliminsa, tsoron Allahnsa, adalcinsa, kamewarsa daga dukiyar jama'a. Ta rubuta shi ne yadda sarakunan da suka gaje shi za su ji nauyi idan aka rera a gabansu. Sannan a cikin jerin waɗanda ta yi wa marsiyya akwai mutanen da babu marubucin fada da zai ɓata tawadarsa a kansu. Akwai Halima, maƙwabciyarta, wadda ta yaba da kirki da riƙon zumunci. Akwai Zaharatu, wadda ake kira idan mace tana naƙuda, ake kuma kira idan za a yi wa gawa wanka, ba ta ƙi. Akwai Hauwa'u, ɗaya daga cikin jajinta, wato jagororin matan da ke karatu a wurinta, wadda ta sha tafiya tana kawo mata ɗaukar karatu. Yau shekara fiye da 160 da rasuwar Asma'u, an manta sunayen hakimai da jarumai da yawa na zamanin, amma ana sane da sunan matar da ke wankan gawa a unguwarsu, saboda 'yar Shehu ta ga aikinta ya isa a rubuta.

Haka ta yi a Tawassuli ga Mata Masu Albarka, wadda ta tsara daga wani littafin nasiha na Bello. Ta faro daga matan Annabi da 'ya'yansa, ta biyo ta kan irin su Rabi'atul Adawiyya, sannan ta gangaro kan matan jama'ar Shehu waɗanda ta sani ido da ido, ta jera su a sahu ɗaya. Yarinyar ƙauye da ta haddace wannan waƙa ta san cewa salihan bayi ba a Basra da Madina kaɗai aka yi su ba, an yi su a gidaje irin nasu, suna daka suna kaɗi.

Ba ta kuma kulle abin a cikin gafaka ba. Ta kafa tsarin 'yan taru: mata daga ƙauyuka, yawanci dattijai da 'yan mata, suna tahowa ƙungiya-ƙungiya ƙarƙashin jagorancin jaji, wadda Asma'u ke naɗawa da malfa da jan rawani. Su zo su koyi waƙoƙin, su koma su koyar. Bayan rasuwarta ƙanwarta Maryam ta ci gaba da riƙon tsarin. Abin lura, Maryam da Isa, mutum biyun da suka fi ɗaukar aikinta, mahaifiyarsu Mariya ƙwarƙwarar Shehu ce. Wannan bai rage su da komai ba a gidan, kamar yadda bai rage Annabi Isma'ila ɗan Hajara ba. Masu fasa aure saboda asalin kaka ya kamata su san wannan.

Akwai tambaya ta biyu da ke maƙale da ta farko, ita ce ta tsawon rai. Bahaushe ba ya gajiya da roƙonsa: ranka ya daɗe, Allah ya ja kwana, Allah ya ba da yawan rai. Amma wanda ya zauna da tsofaffi ya san abin da ke cikin yawan rai. Asma'u ta ga rasuwar uba, da baffa, da 'yan'uwa, da miji, da aminiyarta A'isha, har da Aliyu Babba da ya rasu a 1859, wanda ɗa ne a wurinta. Yawan marsiyyarta shaida ce ta yawan makokin da ta zauna. Alƙur'ani ya ambaci mafi ƙasƙancin shekaru, inda mutum ke komawa bai san komai ba bayan ya sani, Annabi kuma ya nemi tsari daga kaiwa can. Saboda haka tsufa a kan kansa ba daraja ba ce da za a yi ta murna da ita. Hadisin da Tirmizi ya ruwaito sharaɗi biyu ya haɗa ga mafi alherin mutane: rai ya yi tsawo, aiki ya yi kyau.

Wane aiki ne ya rage wa wadda ƙarfinta ya ƙare, ba ta iya daka, ba ta iya azumin nafila kamar da, wataƙila sallah ma a zaune take yi? Abin da ya rage mata shi ne abin da babu mai shi sai ita. Ita kaɗai ta ga mutanen da sauran ke jin sunansu. Matashi yana iya gina masallaci, yana iya tafiya Makka, amma ba ya iya ba da shaida a kan abin da ya faru kafin a haife shi. Idan Allah ya jinkirta wa mutum har tsararsa suka watse ya bar shi da hankalinsa, to ya ɗora masa amanar da bai ɗora wa kowa ba a gidan. Buhari da Muslim sun ruwaito cewa sada zumunci yana buɗa arziki yana kuma ƙara kwana. Malamai sun yi bayanin ƙarin kwanan ta fuska fiye da ɗaya: wasu suka ce albarka ce ake sa wa kwanakin, wasu suka ce kyakkyawan ambato ne da ke wanzuwa bayan mutum. Tsohuwar da ke haɗa jikokin wa da jikokin ƙane, ta ce musu ku ɗin nan jini ɗaya ne, kada ku yarda ku rabu, tana da rabo a kowace fassara aka ɗauka. Kuma tana sa a yi wa matattu addu'a da sunansu, waɗanda da ba domin ita ba da babu mai tuna an yi su.

Kada a ɗauka sai mai alƙalami ce ke iya wannan. A ƙarshen 1949 zuwa farkon 1950, a ƙasar Zazzau, wata tsohuwa mai suna Baba, mutuniyar Karo, ta zauna da wata Baturiya, Mary Smith, matar masanin nan M. G. Smith, ta ba ta labarin rayuwarta da Hausa. Baba ba ta yi karatun boko ba, ba 'yar sarauta ba ce. Da ta tashi ba da labari, daga kakanninta ta faro, yadda suka taso daga Barno, sannan ta bi dangi ɗaki-ɗaki. Ta yi aure huɗu, Allah bai ba ta haihuwa ba, amma ta riƙi 'ya'yan dangi har ta zama uwa kuma kaka a gare su. Ta rasu a 1951, littafin Baba of Karo ya fito a 1954, ba ta gan shi ba. Har yau duk mai son sanin yadda matan Hausa suka rayu kafin zuwan Turawa da bayansa, sai ya bi ta kansa.

Abin da ya ba maganar Baba nauyi shi ne ba ta yi wa gidansu kwalliya ba. Ta faɗi cewa suna da rinji da bayi. Ta faɗi yadda mahara suka kama 'yan'uwanta, aka tara wuri aka fanso su. Ta faɗi sauƙin da talakawa suka samu da hare-haren suka ƙare, ta kuma faɗi asarar da gidansu ya yi da bayin suka watse. Ta faɗi aurenta da fitarta. Asma'u ta ba da labari daga cikin gidan masu mulki, Baba ta ba da shi daga ƙauyen da ake mulka, kuma tarihin ƙasar nan ba ya cika sai an saurari duka biyun.

To amma komai ne ake faɗa? A nan mai riƙon tarihin gida take tsaka mai wuya, domin addinin da ya hana ƙarya shi ne ya yi umurni da rufin asiri, ya kuma hana zagin matattu tun da sun riga sun isa ga abin da suka gabatar. Iyakar da ta fi kusa da adalci ita ce haƙƙi. Duk abin da haƙƙin wani rayayye ya rataya a kansa, ɓoye shi cin amana ne: ɗan da aka haifa a wani gari yana da gado, gonar marayu da aka haɗe da ta gandu, bashin da mamaci ya bari, nonon da ya haramta aure. Wannan ko da ɗaci sai a faɗa, tun mai sanin yana numfashi. Abin da kuwa tuntuɓe ne na wanda ya riga ya tafi, tsakaninsa da Ubangijinsa, ba ya ƙara wa kowa komai sai abin gori, to tafiya da shi kabari ita ce ibada. Tsofaffin kirki sun san wannan ba tare da an karanta musu ba. Za ka ji an matsa wa ɗaya da tambaya ta ce, bar wannan, ɗan nan, Allah dai ya jiƙansa. Ba mantuwa ta yi ba.

Akwai dalilin da ya sa a ƙasar Hausa wannan kaya ya fi faɗawa a kan kaka. Al'adarmu ta kunya tana ɓoye suna. Mace ba ta faɗin sunan mijinta, uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, yaron da aka yi wa takwara da kakansa sai a riƙa ce masa Abba ko Baba ko Mai Sunan Malam har ya tsufa. Tsakanin ɗa da uba akwai nauyi, ba a zama a yi ta tone-tone. Amma tsakanin jika da kaka wasa ne. Ita ce ke ce wa jikanta namiji mijina, ta ce wa macen kishiyata, su tsokane ta ta rama. A cikin wannan wasa ne ake tambayar abin da ba a iya tambayar uwa, a kuma sami amsa. Ga shi kuma sunayenmu ba su ɗauke da salsala mai nisa. Da makarantar boko ta zo, da yawa sunan garinsu aka rubuta musu: Aminu Kano, Sa'adu Zungur, Shehu Shagari, Abubakar Tafawa Ɓalewa. Takarda tana faɗin garin mutum, ba ta faɗin kakan kakansa. In bai ji daga bakin tsohuwa ba, babu inda zai ji.

Wannan hanya kuwa tana tsinkewa a kan idonmu. Babban gida ya rabu, kowa ya kama hayarsa a birni, jikoki suna ganin kaka ne da sallah, su gaishe ta a tsaye idonsu na kan waya. A Barno da Zamfara da Katsina da wasu sassan Sakkwato, rashin tsaro ya tashi ƙauyuka ɗungurungum, dangi sun warwatsu, tsofaffi suna rasuwa a inda ba a san su ba, ba a san abin da ke kansu ba. Yaran da za su taso daga waɗannan gidaje wata rana za su nemi sanin gonar ubansu da 'yan'uwan uwarsu, kuma za a yi shari'o'in da mai raba su ta riga ta tafi.

Saboda haka mai karatu, idan akwai irin wannan tsohuwa a gidanku kuma tana cikin hankalinta, kada ka jira hutun sallah. Ka je ka durƙusa ka gaishe ta, ka nemi izininta, ka kunna wayar nan ta ɗauki muryarta, ko ka zo da littafi da biro. Ka tambaye ta sunayen yanka, ba laƙabi kaɗai ba. Ka tambaye ta matan gidan kamar yadda za ka tambayi mazan, da waɗanda aka riƙa, da waɗanda suka yi wa gidan hidima, da wanda ya sha nonon wa. Inda ta ce a bar wannan, ka bar shi. Abin da ka samu ka kwafa ka raba wa 'yan'uwa, har da waɗanda aka daɗe ba a ga juna ba, sannan ka ɗauki ƙafa ka je gidajen da ta ambata.